Aikin ƙungiyoyin tallafi da aikin kamfen ta waya: yadda matashin zango zai shiga, da inda ake tuntuɓe

A unguwannin zango na Gana, a kowane bes, wato wurin zaman hirar matasa, na Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Aboabo ta Kumasi, in aka ɗora ataya aka shiga hirar neman aiki, da wuya a tashi ba a ambaci abu biyu ba: farar motar nan mai tambarin ƙungiyar tallafi a ƙofa, da yaron da ke riƙe wa onarabul, wato ɗan siyasar yankin, shafinsa na Facebook. Mutane na ɗauka ba abin da ya haɗa su, alhali jarinsu ɗaya ne. Duka biyun suna neman wanda zai shiga cikin jama'a ya samo bayani na gaskiya, ya mayar da shi lissafi, sannan ya koma musu da saƙo cikin harshen da suke ji. Wanda ya tashi a zango yana jin Hausa da Tuwi, wani ma har da Dagbanci ko Faransanci, ya riga ya riƙe rabin jarin. Sauran rabin shi ne shaidar aiki a rubuce da iya sarrafa alƙaluma, kuma nan ne yawancin yaranmu, maza da mata, suke makalewa.

Ka fara sanin inda kuɗin ke fitowa

Kasuwar ta canza, kuma bai kamata a ɓoye maka ba. Ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya aka rushe hukumar USAID. Fadar shugaban ƙasar Gana ta ce giɓin da hakan ya bari ya kai dala miliyan 156, kusan rabinsa a fannin lafiya. A watan Fabrairun shekarar ita ma Birtaniya ta sanar da rage kasafin tallafinta daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Ƙwararru masu shekara goma a bakin aiki sun dawo suna neman guraben da a da sabon ɗalibi ke samu. Don haka wanda ya zo da digiri kaɗai, ba wata sana'a a hannunsa, zai daɗe a layi.

Kuɗin yana gangarowa ne hawa-hawa. A sama akwai masu bayarwa: Bankin Duniya, Tarayyar Turai, gwamnatocin Jamus da Japan ta hannun GIZ da JICA, da gidauniyoyi irin su Mastercard. A tsakiya akwai hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNICEF, UNDP da WFP, da manyan ƙungiyoyi kamar Plan International, ActionAid, CARE da WaterAid. A ƙasa kuma ƙungiyoyin gida ne masu shiga ƙauye da unguwa, irin su SEND Ghana, ko Norsaac a Tamale. Kusan kowane gurbi a ɗaure yake da wani shiri mai wa'adi, shekara 2 zuwa 5, kuma ranar da kuɗin shirin ya ƙare kwantiraginka ya ƙare. Shi ya sa tambayar farko da za ka yi in an kira ka ita ce: wa ke ba da kuɗin wannan shirin, kuma yaushe zai ƙare?

Hedikwatoci suna Accra, wadda mu a zango muke kira Ankara, amma aikin kansa ya fi yawa a arewa: Tamale, Wa, Bolgatanga da gundumomin da ke iyaka da Burkina Faso. Can ne Hausa ke da daraja a kasuwa da wajen makiyaya. Wanda ya ce shi ba zai bar Ankara ba ya rufe wa kansa ƙofa mafi faɗi.

Sana'ar da za ka riƙe: tattara bayanai da auna sakamako

Akwai ɓangarori da yawa, kuɗi da saye-saye da sadarwa da sufuri, amma wanda muka fi ba sabon shiga shawara a kai shi ne bibiya da auna sakamako, abin da sanarwar aiki ke rubutawa M&E ko MEAL. Ba shirin da mai ba da kuɗi zai yarda da shi ba tare da wannan sashen ba, kuma ana iya koyonsa da wayar Android da kwamfutar aro.

Buɗe asusu a KoboToolbox, kyauta ne, ka sauke manhajar KoboCollect a waya. Zaɓi wata matsala ta unguwarku da kowa ya sani, misali ruwan sha ko banɗakin haya. Tsara tambayoyi 20 zuwa 25, kada su wuce minti 15. Ka koyi abu uku a cikin fom ɗin: tsallake, wato wanda ya ce ba shi da famfo kada a tambaye shi kuɗin bil, iyaka, wato gurbin shekaru ya ƙi karɓar 250, da ɗaukar wurin da aka tsaya ta GPS. Tambaya ta farko kullum neman izini ce, a faɗa wa mutum me za a yi da amsarsa, kuma yana da damar ya ƙi.

Kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa, je ka gaida sarkin zango ko mai unguwa, da asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma, da limamin masallacin layin. Minti goma na gaisuwa yana hana a kore ka da zargin kai ɗan haraji ne ko ɗan leƙen asirin wata jam'iyya. Ka gwada fom ɗin a kan mutum 5, ka gyara, sannan ka bi iyalai 60.

A nan ne ake tafka kurakurai, kuma masu ɗaukar aiki sun san su sarai. Na farko shi ne kalmar gida. A Nima gida ɗaya na iya ɗaukar ɗakuna goma sha biyar a zagaye da tsakar gida, kowane ɗaki da murhunsa. In ka tambayi Hajiya mutum nawa ne a gidan nan, za ta ƙirga maka har 'yan haya ta ce sittin. Abin da ake nufi a bincike shi ne masu ci daga tukunya ɗaya, don haka haka za ka yi tambayar: "Hajiya, mutum nawa kike dafa wa?" Na biyu, fassara a baki. In tambayar tana rubuce da Turanci kowane mai tambaya yana juya ta yadda ya ga dama, amsoshin ba za su auno abu ɗaya ba. A rubuta fassarar Hausa da ta Tuwi tun farko, a ba wani daban ya mayar da ita Turanci a ga ko ma'anar ta tsaya. Na uku, kuɗin shiga. Ba mai sayar da koko da za ta faɗa wa baƙo ribarta, amma za ta faɗa maka nawa ta kashe a ruwa jiya. Tambayi abin da aka kashe, kuma a kan ɗan gajeren lokaci. Na huɗu, lokaci da jinsi: ba a zuwa ranar Juma'a da azahar, ba a zuwa da yamma cikin azumi lokacin da mata ke kan wuta, kuma akwai gidajen da sai mace ce za ta shiga. Tawagar da ba mace a cikinta za ta dawo da ra'ayin maza ta kira shi ra'ayin unguwa.

Sai babban laifin da ke kashe suna: a zauna ƙarƙashin bishiya a cike fom da ka. Manhajar tana rubuta lokacin farawa da na gamawa da inda wayar take. Fom goma da aka cike a wuri ɗaya, kowanne cikin minti uku, ba ya ɓuya. Ban da haka masu kula sukan sake kiran wasu daga cikin waɗanda aka ce an tambaya. Masu wannan aikin a Gana sun san juna, kuma wanda aka kama sau ɗaya ba a sake kiransa.

In ka gama, sauke bayanan a Excel. Ajiye asalin fayil ɗin kada ka taɓa shi, ka yi aiki a kan kwafi. Cire maimaici, daidaita rubutu, domin Mamobi da Maamobi kwamfuta za ta ƙirga su wurare biyu, ka cire sunaye da lambobin waya. Koyi teburin taƙaitawa da ake kira pivot, ka fitar da jadawali uku, ka rubuta rahoto mai shafi biyu: me aka tambaya, wa aka tambaya, me aka samu, me binciken bai iya nunawa ba. Iyalai 60 ba za su wakilci duk yankin Ayawaso, inda Nima da Mamobi suke, ba, ka faɗi haka da kanka. Don ka san ma'auni, samfurin mutum 400 da aka zaɓa ba son rai yana ba da kuskuren kusan kashi 5, na mutum 1,000 kusan kashi 3. Wannan rahoton shi ne abin da za ka riƙa haɗawa da takardar neman aiki, domin gani ya kori ji.

Abu na gaba da za a tambaye ka shi ne bambancin abin da aka samar da canjin da ya biyo baya. An haƙa rijiyar burtsatse 10, wannan abin da aka samar ne. Yaran da ke kamuwa da gudawa sun ragu, ko lokacin da 'yan mata ke ɓatawa wajen ɗebo ruwa ya sauka, wannan shi ne canjin. Duk wanda ya iya ɗaukar shiri ya jera kayan aiki, ayyuka, abin da aka samar da canjin da ake fata, kowanne da ma'auninsa da inda za a samo shaidarsa, ya fahimci jadawalin da suke kira logframe. Darussan kyauta suna nan a Kaya, DisasterReady da Agora ta UNICEF. Biyu ko uku da ka gama da kyau sun fi takardun shaida ashirin da ba za ka iya bayaninsu ba.

Ƙofar shiga da takardu

Shekarar bautar ƙasa ita ce dama mafi sauƙi, kuma ita aka fi wasa da ita. Tun kafin a fitar da wuraren aiki, rubuta wa ƙungiyoyi ka nemi su buƙace ka. In an tura ka ofishin gunduma, roƙi a sa ka sashen tsare-tsare ko na lafiya, inda za ka taɓa manhajar DHIMS2 da hukumar lafiya ta Gana ke tara alƙalumanta a ciki. Bayan haka ka sa ido a kan aikin wucin gadi na masu tattara bayanai: hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wadda ta yi ƙidayar 2021 da na'urorin hannu, cibiyar bincike ta ISSER a jami'ar Legon, CDD-Ghana mai gudanar da binciken ra'ayin jama'a na Afrobarometer a ƙasar, da ƙungiyar bincike ta IPA. Aikin mako uku ne ko wata biyu, amma kowanne in ka gama ka nemi wasiƙar shaida da sunan mai kula da kai.

CV kada ta wuce shafi biyu, kuma kowane layi ya ɗauki adadi. "Na taimaka wajen bincike" ba ta gaya wa kowa komai. "Na yi hira da iyalai 140 a gundumomi 2 da KoboCollect, cikin Hausa da Tuwi" ita ce ake karantawa. Rubuta harsunanka a fili da matakin kowanne, ji da magana da rubutu. Yaranmu da yawa suna jin kunyar sa Hausa a CV, alhali wani lokacin ita ce dalilin kira. A wasiƙar neman aikin, ɗauki sharuɗɗan sanarwar ɗaya bayan ɗaya ka amsa kowanne da kalmomin da suka yi amfani da su, domin tacewar farko sau da yawa da waɗannan kalmomin ake yin ta. Ana samun sanarwa a ReliefWeb, Devex, Impactpool, LinkedIn, Jobberman da jaridar Daily Graphic.

A Majalisar Ɗinkin Duniya matakan sun kasu: G na ma'aikatan ofis da tallafi, NO na ƙwararrun 'yan ƙasa, P na ƙasa da ƙasa. P-2 na neman aƙalla shekara 2 na gogewa, P-3 shekara 5. Sabon ɗalibi da ke ta aika takarda zuwa P-3 yana ɓata datarsa ne. Ya yi rajista a shirin masu aikin sa-kai na UNV, ya cike bayanansa gaba ɗaya, ya nemi guraben cikin gida. Ganawar tasu kuma tana da salo: za a ce ba mu labarin lokacin da ka samu saɓani da abokin aiki. Shirya labarai biyar na gaskiya, kowanne da halin da ake ciki, abin da kai da kanka ka yi, da yadda ta ƙare, cikin minti biyu. Sau da yawa akwai jarrabawar rubutu ko ta Excel kafin nan.

Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar aiki, haka ma manyan ƙungiyoyi. Duk wanda ya ce ka tura momo, wato kuɗi ta waya, don fom, horo ko gwajin lafiya, ɗan damfara ne, ko da tambarin da ke kan wasiƙarsa ya yi kyau. Duba adireshin imel ɗin bayan alamar @, sannan ka nemi sanarwar a shafin ƙungiyar da kanka.

In an ba ka kwantiragi, duba ko ma'aikaci ne kai ko mai ba da hidima. Ma'aikaci ana cire masa kashi 5.5 na fansho, mai aiki ya ƙara kashi 13, kuma ya kamata ka riƙa duba asusunka na hukumar fansho ta SSNIT ka ga ana zubawa. Mai ba da hidima ba shi da wannan, ana cire masa harajin riƙo ne, ya karɓi takardar shaidar cirewar. Kuɗin tafiya kuwa amana ne: ajiye kowane rasit, ka mayar da canji cikin kwanakin da aka ƙayyade. An fi korar matasa a kan rasit da takardar sa hannun mahalarta taro fiye da a kan rashin iya aiki.

Digiri na biyu ya jira sai ka yi shekara biyu a fili, domin tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya ma yana neman awa 2,800 na aiki. Abin da ya fi saurin biya shi ne Faransanci. Togo, Burkina Faso da Kwaddibuwa sun kewaye mu, kuma mai Hausa da Faransanci yana iya aiki har Nijar. Alliance Française tana Ankara da Kumasi, ka sa matakin B2 a gaba, wato iya aiki da harshen a baki da rubuce.

Kamfen ta waya: lissafi kafin hoto

Babban zaɓe a Gana ranar 7 ga Disamba ake yin sa duk shekara huɗu, na gaba 2028. Amma aikin yana farawa tun zaɓen fid da gwani, da zaɓen asambuliman wanda ba a yin sa da tutar jam'iyya, na ƙarshe an yi shi a Disamban 2023. Nan ne wurin koyo. Ɗan takarar asambuli a unguwarku ba shi da kuɗin ɗaukar kamfani, zai ba ka dama, kuma yankin ƙarami ne da za ka iya ganin ko aikinka ya yi tasiri.

Kada ka fara da zana fosta. Fara da sakamakon rumfunan zaɓe na zaɓuka biyu ko uku da suka wuce, wanda ke kan takardar nan da kowa ke kira pink sheet, ofishin jam'iyya na mazaɓa yakan ajiye kwafi. Zuba su a Excel, kowace rumfa layi ɗaya: masu rajista, waɗanda suka fito, ƙuri'un kowane ɓangare. Sai ka fitar da adadin da ake bukata. A ce mazaɓa tana da masu rajista 80,000 kuma ana sa ran kashi 60 za su fito, ƙuri'u 48,000 ke nan, in takarar ta mutum biyu ce kana neman 24,001. Daga nan ka raba rumfunan uku: namu, inda aikin shi ne fito da mutane, na tsakiya, inda aikin shi ne shawo kai, da nasu, inda ba za a zuba kuɗi da yawa ba. Zaɓen 2024 ya nuna nauyin rukunin farko. Fitowar masu zaɓe ta sauka daga kusan kashi 79 a 2020 zuwa kusan kashi 61, ƙuri'un John Mahama na jam'iyyar NDC sun ɗan ƙaru, na jam'iyyar NPP da ke mulki a lokacin kuwa sun ragu da kusan miliyan 2. Zaman magoya baya a gida yana kayar da ɗan takara kamar yadda sauya sheƙa ke yi.

A zaɓen fid da gwani kuma wakilai ne kaɗai ke zaɓe, don haka talla ga jama'a ba ta da amfani sosai. Abin da ake bukata jeri ne mai sunan kowane wakili, rumfarsa, wanda yake jin maganarsa, yaushe aka kira shi da abin da ya ce.

A zango WhatsApp ne filin daga. Rukuni ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, jerin aikawa kai tsaye 256, kuma saƙon jerin ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka. Ana tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, wanda aka yi ta yaɗawa kuma wuri ɗaya tak. Saboda haka tsarin da ke aiki shi ne ƙananan rukunoni, ɗaya ga kowane yankin asambuli, kowanne da masu kula biyu da mutanen wurin suka sani: shugaban bes, magajiyar ƙungiyar mata, mai shagon ɗinki. Kada ka jefa mutane a rukuni ba da izininsu ba. Za su fita, su kai ƙara, a toshe lambar kamfen ɗin ana saura mako biyu zaɓe. Haka ma manhajojin aika saƙo barkatai, su ne suka fi jawo toshewa.

Saƙon murya ya fi rubutu tafiya a wajenmu, domin da yawa suna jin Hausa amma ba su saba karanta ta ba. Daƙiƙa 40 zuwa 60, magana ɗaya, da muryar ɗan takarar kansa, ya fara da sallama ya ambaci wurin da sunansa: kwatar da ke ambaliya a bayan kasuwa, fitilar layin da ta mutu. A naɗi na Hausa daban, na Tuwi daban, ba a karanta fassara. Bidiyo a ɗauke shi a tsaye, a sa rubutu a ƙasa, a matse shi ya yi ƙanƙanta, domin mai sayen data ta sidi biyar ba zai buɗe fayil mai nauyi ba.

Tallar siyasa ta kuɗi a Facebook da Instagram tana bukatar tantancewa: katin shaida, kariya mai mataki biyu, da rubutun da ke nuna wanda ya biya. Tana ɗaukar kwanaki, wani lokacin a mayar da kai baya saboda sunan asusunka bai dace da na katin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka gama wannan watanni kafin kamfen, ka kuma gwada katin bankin da za a biya da shi. Kowace tallar siyasa tana zama a rumbun tallace-tallace na Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, shekara 7, kowa na iya gani, don haka ka duba na abokin hamayya, ka kuma san ana duba naka. TikTok ba ya karɓar tallar siyasa ta kuɗi, sai dai bidiyon da ya yaɗu da kansa. Wajen zaɓen masu gani, dasa alama a taswira ka taƙaita da'irar, in ba haka ba kuɗin ɗan takarar Ayawaso ta Gabas zai ƙare a kan mutanen Madina da ba za su zaɓe shi ba. Ka raba kuɗin gwaji biyu a kan saƙo biyu na kwana uku, ka zuba sauran a kan wanda ya fi. Kuma ma'aunin ba yawan masu danna alamar so ba ne. Ƙirga waɗanda suka ba da lambarsu da yardarsu, waɗanda suka zo taro, da waɗanda suka je duba sunansu lokacin baje kolin rajista.

Tsaron asusu aikinka ne. Shafin ya kasance mallakar ɗan takara da masu kula biyu amintattu. A kunna lambar sirri ta mataki biyu a WhatsApp na duk 'yan tawaga, a gaya musu kada su karanta wa kowa lamba shida da ta shigo ta saƙo, ko da mai kiran ya ce daga hedikwatar jam'iyya yake. Ta haka ake ƙwace lambar mutum a shiga rukunoninsa. Maganar kuɗinka kuma a rubuta ta: me za ka yi, nawa, rabi kafin aiki, sauran kafin ranar zaɓe. Bashin kamfen da ya tsallake ranar zaɓe da wuya ya fito.

Doka da mutunci

Dokar kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa mai tara bayanan mutane rajista da hukumar da ke kula da hakan, da amfani da su kan abin da aka karɓe su dominsa kawai. Sashe na 208 na dokar manyan laifuka ta 1960 da sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008 an sha kama mutane da su kan yaɗa labarin ƙarya, kuma wanda ya wallafa ake fara nema, ba onarabul ba. Tsarin mulkin 1992 ya hana kafa jam'iyya kan ƙabila ko addini, ya kuma taƙaita ba jam'iyya gudummawa ga 'yan ƙasa, don haka kuɗin talla daga ɗan'uwan da ba ɗan Gana ba matsala ce.

Akwai abubuwan da mu ke ganin bai halatta ɗan zango ya taɓa ba ko nawa za a biya shi. Kada ka jingina wa Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ko wani malami maganar da bai faɗa ba. Kada ka yanka wa'azi ka mayar da shi talla. Kada ka shiga kiran wasu baƙi don a hana su rajista, domin iyayenmu ba su manta da korar baƙi ta 1969 ba, kuma wannan wuƙar a kanmu take dawowa. In an yi wa ɗan takararka ƙage, ɗauki hoton saƙon, tabbatar da gaskiyar, ka amsa sau ɗaya da shaida ba tare da ka sake yaɗa ƙagen ba, ka aika wa masu tantance labarai irin su GhanaFact, Dubawa ko Fact-Check Ghana. Daren zaɓe kuma aikinka tattara hotunan pink sheet ne: takardar gaba ɗaya, lambar rumfa da sa hannun wakilai suna fitowa, mutum biyu su shigar da alƙaluman daban-daban a gwada. Bayyana wanda ya ci aikin hukumar zaɓe ne.

Katangar da ke tsakanin ayyukan biyu

Sana'ar ɗaya ce, amma ba a riƙe su tare. Ƙungiyar tallafi tana aiki da kowace gwamnati da ta zo, kuma tana shiga gidan mai lema, wato ɗan NDC, da na mai giwa, wato ɗan NPP, saboda haka tana gudun wanda aka san shi da rigar jam'iyya. Masu ɗaukar aiki suna duba shafukanka. Ka yi zaɓenka, wannan haƙƙinka ne, amma ma'aikacin shiri da ke zagin ɗan takara da dare yana jefa abokan aikinsa cikin haɗari a ƙauyen da za su shiga da safe. Jerin sunayen masu cin gajiyar shiri kuwa, zawarawa ko manoma ko marasa lafiya, ba ya fita zuwa wayar kowane ɗan siyasa. Wannan kora ce nan take, kuma karya doka ce.

Wanda ke son siyasa amma ba ya son rufe ƙofar tallafi yana da hanyar tsakiya: sa ido a zaɓe tare da haɗakar masu sa ido ta cikin gida, CODEO, wadda ke aiki tun 2000 kuma ba ta ɗaukar mai riƙe da muƙamin jam'iyya, wayar da kai tare da hukumar NCCE, ko aikin kafafen labarai da fasaha a ƙungiyoyin MFWA da Penplusbytes. Wanda kuma ya riga ya yi wa jam'iyya aiki yana son ya juyo, kada ya ɓoye, domin za a gano. Ya rubuta shi a CV da harshen sana'a: rumfuna nawa ya tantance, masu sa-kai nawa ya horar, kasafin nawa ya riƙe. Ya sauka daga duk muƙami da rukunonin kamfen, ya miƙa shafuka da lambobin sirri a rubuce, ya goge jerin lambobin masu zaɓe daga wayarsa da kwamfutarsa, sannan ya nemi aikin tattara bayanai ɗaya ko biyu a wata mazaɓa da ba tasa ba, don ya samu mai tsaya masa wanda ba ɗan jam'iyya ba ne.